Taimako: linkin shafina na fita da hoton da ba nashi ba a Facebook, a WhatsApp kuma ko hoton babu

Ummu_Rubutu

Assalamu alaikum yan uwa, dan Allah masu ilimin harkar shafukan intanet ku taimaka min dan abin nan ya fara kaini bango. Ina da shafi da nake rubuce rubuce akai, akan WordPress yake, wani ne ya hada min tun tuni yanzu kuma ya shiga wasu harkokin bana samunshi. To matsalar itace duk sanda na saka sabon rubutu na dauko linkin nakai Facebook, maimakon hoton dana dora akan rubutun ya fito sai logon shafin kawai, shima a yanke rabi babu, kuma kan rubutun baya fitowa sai sunan shafin, wato duk abinda na tura kamarsu daya sak, har wata kawata take tambayata wai meyasa kullum abu daya nake turowa. A WhatsApp kuma abin yafi muni, wani lokaci linkin ne kawai tsirara babu hoto babu komai, wani lokaci yazo da dan bayani amma hoton shiru. Amma in na tura linkin manyan jaridu sai kaga kati mai kyau da katon hoto da kanun labarin da dan bayani a kasa.

Na duba setin din Facebook kaf banga inda ake gyarawa ba, kuma kamar na tuna da can ana iya danna rubutun a canza kafin a tura, yanzu baya yi. Abinda nakeyi yanzu shine na dora hoton da hannu sai na lika linkin a sama ko a komen, to mutane kuma hoton suke dannawa, hoton ne zai bude ba shafin ba. Shin kudi ake biya kafin a samu irin wancan katin ne ko kuwa wani abu aka kulle min? Nagode.

Malam_Kod

Wa alaikumus salam Malama. Ba kuɗi ake biya ba, ba kuma kulle miki aka yi ba, sannan ki bar wahalar da kanki da setin ɗin Facebook don gyaran ba a can yake ba, a cikin shafinki yake. Abin da kika tuna gaskiya ne, da ana iya sauya take da hoto kafin a tura, a 2017 suka cire wannan damar saboda masu ɗauko linkin jarida su canza kanun su sa ƙarya a kai, jama'a su ɗauka jaridar ce ta faɗa. Tun daga nan abin da shafi ya faɗa game da kansa shi ake nunawa.

Ga yadda abin yake. Kina liƙa linki, tun kafin ki danna tura, sai Facebook su aiko wani bot nasu, wato manhaja mai aiki da kanta, mai suna facebookexternalhit ya buɗe shafin. Shi ba ruwansa da kwalliyar da kike gani, can saman kod ɗin shafin yake zuwa, ɓangaren da ake kira head, ya nemi wasu layuka da mai karatu ba ya ganinsu, waɗanda ke cewa ga taken wannan shafi, ga hotonsa, ga bayaninsa. Su ne layukan meta. Tsarin sunansa Open Graph, Facebook ne suka fito da shi a 2010, amma yanzu WhatsApp da Telegram da LinkedIn da Discord duk shi suke karantawa, shi yasa in kin gyara wuri ɗaya kusan ko'ina ya gyaru. Kamanninsu kenan:

`<meta property="og:title" content="Taken rubutun">`
`<meta property="og:description" content="Jimla ɗaya ko biyu a kan rubutun">`
`<meta property="og:image" content="https://example.com/hoton-rubutun.jpg">`
`<meta property="og:url" content="https://example.com/wannan-rubutun/">`
`<meta property="og:type" content="article">`

In babu waɗannan layukan kwata-kwata bot ɗin canki-canka yake yi, ya ɗauki duk hoton da ya ci karo da shi. Amma naki ban jin rashinsu ne, tunda kin ce DUKA rubutun abu ɗaya suke nunawa kuma sunan shafin ne ke fitowa a madadin take. Zargina yana kan og:url. Wannan layin shi ke gaya wa Facebook asalin adireshin abin da aka tura, to in wanda ya haɗa shafin ya rubuta adireshin shafin farko da hannu a cikin tamfilet, wato tsarin da ke ba shafin kamanninsa, kowane rubutu zai riƙa cewa ni shafin farko ne, Facebook kuma ya yarda, ya tafi shafin farkon ya kwaso logo da suna ya liƙa miki.

Ki gwada wannan: ki buɗe rubutu ɗaya a kwamfuta ki danna Ctrl da U, kod ɗin zai fito, sai Ctrl da F ki rubuta og: ki ga abin da zai nuna. Ki faɗa mana me ke gaban og:url da og:image, kuma sau nawa kowanne ya fito.

Ummu_Rubutu

Ikon Allah, Malam wallahi kamar kana gani. og:url din ya fito sau biyu, na farko adireshin shafin farko ne kawai, na biyun can kasa shine na rubutun. og:image ma biyu ne, na sama logo na kasa hoton dana dora. To yanzu wanne zan goge kuma a ina, dan ni tsoron taba kod nakeyi kar na rusa komai.

Malam_Kod

To alhamdulillahi an gano ɓarawon. Mutum biyu ne ke magana a shafinki: tamfilet ɗin yana zuba nasa layukan a sama, sannan akwai fulogin, wato ƙarin manhajar da ake ɗora wa WordPress, ƙila Yoast SEO ko Rank Math, shi ma yana zuba nasa a ƙasa. Na fulogin ɗin su ne daidai, amma in layi ya maimaitu na farko ake fifitawa, shi yasa logo ke cin nasara kullum. Na saman za ki kashe.

Ki fara duba setin ɗin tamfilet ɗin, da yawa suna da makunnin kashe Open Graph ko wani abu mai kama da haka a ɓangaren soshiyal, in akwai shikenan ba sai kin taɓa kod ba. In babu to a fayil ɗin header.php aka rubuta su, ki kwafe fayil ɗin gaba ɗaya ki ajiye a gefe tukuna, sannan ki goge layukan da suka fara da og: kaɗai, kar ki taɓa layin wp_head don ta nan fulogin ke shigo da nasa. In wani abu ya karkace ki mayar da wanda kika ajiye. Kuma ki leƙa jerin fulogin ɗinki, in Yoast da Rank Math duk suna kunne ki bar ɗaya, aiki ɗaya suke yi, haɗa su rigima ce kawai.

Bayan kin gyara kar ki yi mamaki in kin liƙa linkin kika ga tsohon katin, Facebook yana ajiye abin da ya gani a karon farko ne ba kullum yake komawa ba. Ki nemi Sharing Debugger a shafinsu na developers, ki sa linkin, ki danna Scrape Again, zai koma ya karanto sabo kuma ya nuna miki yadda katin zai fito har da gargaɗi in akwai matsala. Wani lokaci sai an danna ya fi sau ɗaya. In kina da fulogin na kesh a shafin, mai ajiye kwafin shafi don ya riƙa buɗewa da sauri, ki share nasa tukuna, in ba haka ba tsohon shafin zai ci gaba da miƙa wa bot ɗin kina ta dannawa a banza.

Zee_Dizain

Yar uwa bari nima na sa baki a bangaren hoto dan Malam ya gama da kod amma matsalarki ta WhatsApp ina kyautata zaton nauyin hoto ne. Mutane sai su dauko hoto kai tsaye daga kyamarar waya mai MB hudu ko biyar su dora, Facebook zai hadiye tunda shi har MB 8 yana karba, amma WhatsApp a ka'idarsu hoton kar ya wuce KB 600, ni dai nawa bana bari ya haura 300 dan hankalina ya kwanta. Kuma ki sani a WhatsApp wayar mai turawa ce take zuwa ta dauko katin, so in netwok na ja ko kuma kin lika kin danna tura nan take baki jira katin ya bayyana a saman wajen rubutu ba, haka zai tafi tsirara ko da shafin lafiyarsa kalau. Ki lika, ki jira, ki gani da idonki sannan ki tura. Akwai ma wani makunni a setin din sirri na WhatsApp da yake kashe katin gaba daya, ki duba ko naki a kunne yake.

Girman da kowa ke amfani dashi 1200 a fadi 630 a tsayi. In hoton ya gaza 600 da 315 Facebook zai maida shi dan karamin akwati a gefe, in ya gaza 200 da 200 ma baya dauka. JPG ko PNG, banda SVG, baya fitowa. Logonki da kika ce yana fitowa a yanke saboda murabba'i ne ko dogo aka cusa shi a wajen da ke neman mai fadi.

Sai abinda yafi bani haushi, masu cika hoton da rubutu tun daga wannan gefe har wancan. Kowane dandali da yadda yake yanka, wani ya nuna shi da fadi wani ya yanko tsakiya kawai ya maida shi murabba'i, to duk abinda kike so a gani, fuska ce ko kalma, ki ajiye a tsakiya ki bar gefe da gefe sarari. Kuma a waya za'a gani, kananan haruffa ba mai iya karantawa. Ni a ganina kalma uku zuwa biyar manya sun isa, ko ma babu rubutun sam tunda take na kasa.

Wani abu kuma, in kika canza hoton rubutu ki canza sunan fayil din. Facebook da adireshin hoto yake gane shi, in kika dora sabo da tsohon suna shi a wajensa hoton jiya ne.

Sarkin_Gajarta

Duk wannan dogon turanci ne, ki kara ?v=2 a karshen linkin kawai zai fito sabo, ni haka nakeyi. Sannan ki cika meta keywords da kalmomi da yawa Google zai daga ki sama.

Malam_Kod

Sarki ranka ya daɗe, rabin maganarka ta farko gaskiya ce. Dabarar ?v=2 tana aiki a inda manhaja ta riƙe tsohon kati saboda adireshin bai canza ba, kamar WhatsApp, sai ta ɗauka sabon linki ne ta sake ɗaukowa. Amma ba ta gyara komai in layukan da kansu ne ba daidai ba, a shafin Malama ko v=100 ta sa logo zai fito tunda og:url na tura bot ɗin shafin farko. Kuma a Facebook ma bayan an gyara, og:url zai mayar da shi kan asalin adireshin ne, don haka Debugger ɗin dai shi ne hanya.

Ta biyun kuwa a bar ta, Google da kansu sun sanar tun 2009 cewa ba sa duba meta keywords wajen jera sakamakon bincike. Kuma ma harka biyu ce daban, Google yana kallon title da meta description, su ma yakan sauya su in ya ga dama, dandalin sada zumunta kuma og suke nema.

Sabon_Shiga

Salam, afuwan Hajiya zan dan rabe a zaurenki tunda matsalar kusan daya ce. Ni nawa ba WordPress bane, da React, wani kayan aikin JavaScript, na hada shi da kaina, kuma na saka duk layukan og din nan, kowane shafi da nasa take da hoto, in na bude Inspect a burauza ina ganinsu rangadau, amma ina tura linki ko ina sai taken shafin farko ya fito ko ma ba komai. Debugger din ma cewa yake babu og:image alhali gashi ina kallo. Ko bot din ne yake da matsala?

Baba_Saba

Ɗana bot lafiyarsa ƙalau, Inspect ne ke ruɗinka. Inspect yana nuna maka shafin bayan JavaScript ya gama aikinsa ya cusa layukan. Su kuma bot ɗin nan na Facebook da WhatsApp da Twitterbot da sauransu ba sa kunna JavaScript, abin da saba, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, ta miƙo a karon farko shi kaɗai suke karantawa su tafi. A React na yau da kullum abin da saba ke miƙowa index.html ne guda ɗaya kusan fanko, ga div ɗaya ga script, kuma shi ɗin ne dai ga kowane adireshi. Googlebot yana iya jira ya kunna JavaScript, shi ya sa za ka ga Google ya gane shafin amma Facebook bai gane ba, sai mutum ya rikice.

In kana son ganin abin da bot ke gani, bar Inspect, yi amfani da view-source ko ka buga wannan a tamina, wajen rubuta wa kwamfuta umarni:

`curl -A "facebookexternalhit/1.1" https://example.com/shafinka`

Abin da ya fito shi ne gaskiyar magana. In babu og a ciki to babu.

Mafita dole layukan su fito daga saba. Ko ka koma Next.js ka yi amfani da generateMetadata kowane shafi ya fito da nasa tun daga can, ko in shafukan ba su da yawa kuma ba sa canzawa ka sa a gina kowanne ya zama HTML nasa lokacin build, ko kuma ka rubuta ɗan kod a saba da zai duba adireshin da aka nema ya cusa take da hoton da suka dace a cikin index.html kafin ya miƙa. Na ukun ya fi sauri in ba ka son rushe abin da ka gina, ni shi nake ba mutane shawara in aikin ya riga ya yi nisa. In kuma linkinka masu alamar # ne a tsakiya, ka sani duk abin da ke bayan # ba ya ma isa saba, sai ka sauya tsarin adireshin tukuna.

Tunda na zo bari in ƙara abubuwan da nake yawan gani, har ke Malama ki duba. Na ɗaya adireshin hoto ya zama cikakke tun daga https, ba /hotuna/kaza.jpg ba, burauza tana gane guntun amma bot ba lallai ba. Na biyu masu tsaron shafi, wani lokaci Cloudflare ko fulogin na tsaro ko robots.txt su ne ke korar bot ɗin a zaton ɓarawo ne, in kun ga lambar 403, wato an hana shiga, a Debugger to nan ne, ba layukan ba. Haka makunnin hana wasu shafuka jan hotunanka, shi ma yana iya toshe hoton katin. Sai kuma og:image:width da og:image:height, ku sa su, don in babu su mutumin farko da ya tura linkin a Facebook yakan ga kati ba hoto saboda ba a gama sarrafa hoton ba, sai na bayansa su gani.

Mu masu rubutu da Hausa kuma akwai namu na daban. In ba a sa `<meta charset="utf-8">` a can farkon head ba, ƙ da ɗ da ɓ sai su fito wasu tarkacen alamomi a kan katin. WordPress yana sa wa da kansa, amma kai mai haɗawa da hannu ka duba. Kuma in takenka na da alamar zance biyu a ciki, ita ce za ta rufe content tun ba a gama ba taken ya yanke a nan, sai ka rubuta &quot; a madadinta.

Sabon_Shiga

Baba na buga curl din, wallahi fanko ne kamar yadda kace, div daya kawai. Zan gwada ta ukun. Amma X, wato tsohon Twitter, fa, naga wasu na cewa shi nasa layukan daban ne, sai na sake rubuta komai sau biyu kenan?

Baba_Saba

A'a. Nasu Twitter Cards ne tun 2012, amma in bai samu twitter:title ko twitter:image ba yana komawa kan og ya ɗauka. Layi ɗaya kawai za ka ƙara:

`<meta name="twitter:card" content="summary_large_image">`

Shi ke sa hoton ya fito babba, in ka sa summary kawai ƙaramin akwati ne. Lura nasu name ne ba property ba. Kuma kar ka dogara da bayanin ƙasa a X, a 2023 sun taɓa cire kanun gaba ɗaya suka bar hoto da sunan shafi, daga baya suka dawo da taken a ɗan ƙaramin rubutu a kan hoton, don haka a can hoton ne ke ɗaukar kusan duk nauyin. Na LinkedIn in ya riƙe tsoho akwai Post Inspector, na Telegram kuma ka tura linkin ga @WebpageBot zai sabunta.

Ummu_Rubutu

Jama'a Allah ya saka da alheri, na samu makunnin a setin din tamfilet na kashe, na share kesh, na danna Scrape Again, yanzu hoton rubutun da takensa ne ke fitowa a Facebook. Zee gaskiyarki hoton MB uku da wani abu ne, na rage shi yanzu WhatsApp ma ya nuna. Saura tambaya daya, tsofaffin rubutuna fa da suke da yawa, da wadanda na riga na tura a guruf guruf, suma zasu gyaru da kansu ne? Kuma bayanin da ke fitowa a kasa farkon rubutun ne kawai wato sallama da gaisuwa, ana iya canza shi?

Malam_Kod

Madalla. Na WhatsApp da kika riga kika tura sun tafi kenan, katin yana cikin saƙon ne ba ya canzawa, sai dai ki sake turawa. Na Facebook kuma tsofaffin rubutun duk layukansu sun gyaru a shafinki tunda tamfilet ɗaya ne, abin da ya rage ajiyar Facebook ce, a Debugger ɗin akwai Batch Invalidator inda za ki zuba linki da yawa lokaci ɗaya ya share abin da ya riƙe. Ba sai kin bi duka ba, ki fara da waɗanda har yanzu ake karantawa. Amma hotunan tsofaffin ma sai kin rage musu nauyi in kina son su fito a WhatsApp.

Bayanin kuwa, in kina rubutu ki gangara ƙasa wajen akwatin fulogin ɗin, akwai ɓangaren soshiyal inda za ki rubuta take da bayani har da hoto na musamman don katin, daban da na cikin rubutun in kina so. In kika bar shi fanko ne yake kwaso farkon rubutun. Ki sa jimla ɗaya ko biyu da ke faɗin abin da ke ciki, muhimmin ya zo a farko don a waya yanke ƙarshen ake yi, wani lokaci ma Facebook ba ya nuna bayanin sam sai take. Taken ma kar ya yi tsawo, kuma ba sai kin maimaita sunan shafin a ciki ba tunda adireshin na fitowa a jikin katin. Sannan a setin ɗin fulogin ɗin ki sa hoto guda mai 1200 da 630 a matsayin na ko-ta-kwana, saboda ranar da kika saka rubutu babu hoto.